Babbakakken Katako a Waje: Abin da Rana, Hunturu da Damina Suke Yi Masa a Sakkwato

Tambaya: Kafinta ne ni a nan cikin garin Sakkwato. Wani maigida ya nuna mini hotunan gine-ginen da aka lulluɓe da katakon da aka babbake da wuta har ya yi baƙi ƙirin, ya ce haka yake so a yi masa shingen lambu da bangon rumfar hutawa, har da dirkokinta. An gaya masa wai irin wannan katako ba ya ruɓewa, gara ba ta cin sa, kuma ba ya neman fenti har abada. Shin zai jure ranarmu da hunturu da ruwan damina? Wane katako ya kamata in saya?

Amsa: Malam, zai jure, amma ba yadda aka faɗa wa maigidan ba. Wuta fatar katako kawai take canzawa, kaurin da bai wuce milimita 2 zuwa 5 ba, abin da ke ƙarƙashi kuwa yana nan da halinsa na asali. In itacen mai ƙwari ne, babbaka za ta ƙara masa kyau, ta kare fuskarsa daga rana na wasu shekaru. In obeche ne ko afara, gara za ta shiga ta baya ta cinye cikinsa, ta bar maka baƙar fatar a tsaye kamar ba abin da ya faru, sai ranar da wani ya jingina da ita ta rufta. Batun "har abada" kuma a ajiye shi gefe. Gawayin da ke fuskar katakon zaizayewa yake yi a hankali, kuma yanayinmu yana da hanyoyin cin sa da babu su a ƙasar da dabarar ta fito.

Dabarar ta Japan ce, sunanta yakisugi, wato ƙonannen sugi. Sugi itace ne marar nauyi, bai kai kilo 400 a kowace mita kubik (tsawo da faɗi da kauri duk mita ɗaya) ba, kusan nauyin obeche ke nan, sai dai zuciyarsa tana da juriyar ruɓa da obeche ba shi da ita. Suna yanka shi sirara, su busar, su babbake, su kafa shi a tsaye a jikin bango ƙarƙashin rufi mai baki, a ƙasar da iskarta ke da danshi kusan duk shekara. Duk waɗannan sharuɗɗa suna cikin abin da ke sa hotunan nan kyau, hoto kuwa ba ya nuna su.

Itace abu uku ne a haɗe: zaruruwan selulos, waɗanda su ne kashi 40 zuwa 50 cikin 100 na jikinsa, da hemiselulos mai tsotsar ruwa, da lignin, wanda shi ne kamar ƙaron da ya manne zaruruwan. Idan zafi ya kai wajen digiri 200 a ma'aunin Salshiyas, hemiselulos ke fara lalacewa. A wajen digiri 300 itace ya koma gawayi. Saboda haka in ka yanke bakin falankin da aka babbake, hawa uku za ka gani. Na sama baƙin gawayi ne mai tsattsagewa kamar fatar kada. Ƙarƙashinsa akwai siririn layi mai ruwan ƙasa, wanda ya gasu bai ƙone ba, kuma shi ne mafi amfani domin ba ya shan ruwa kamar ɗanyen itace, amma da ƙyar ya wuce milimita 1 ko 2. Daga nan sai katako na yau da kullum. Katakon da masana'antu ke gasawa a tanderu na sa'o'i masu yawa, tsakanin digiri 160 da 230, shi ne wanda gasuwar ke ratsa har cikinsa. Babbaka ba ta yin wannan, kuma yawancin alƙawuran da ake yi wa babbakakken katako aro ne daga wancan.

A wajen rana, gawayi yana da nasa ƙoƙarin. Abin da ke sa katako ya yi fari-fari kamar toka a waje shi ne hasken UV, wanda ido ba ya gani. Yana farfasa lignin a can saman fuska, zurfin da bai kai rabin milimita ba, ruwa ya zo ya wanke abin da ya farfashe, zaruruwa su tashi, a sake sabon zagaye. Gawayi ba shi da sauran lignin da haske zai farfasa, kuma yana shanye hasken kafin ya isa ga itacen ƙasa. Muddin yana manne, rana ba ta koɗar da shi. Sharrin rana a nan zafi ne. Baƙar fuska tana shanye fiye da kashi 90 cikin 100 na hasken da ya sauka a kanta, don haka a Afrilu da Mayu, lokacin da iskar gari ke haura digiri 40, falankin da ke kallon yamma yana iya kaiwa digiri 70 bayan azahar. Da dare ya huce, gobe ya sake ɗauka. Fuskar tana bushewa ƙayau alhali bayan falankin na da sauran danshi, shi ke sa ya lanƙwashe kamar kwale-kwale, gefunansa su ɗago.

Abin da ya fi komai ɓata wannan aiki a Sakkwato shi ne tazarar da ke tsakanin rani da damina. Katako ba ya daina shan danshi daga iska yana mayarwa, ko ya shekara hamsin da sarewa. Daga Janairu zuwa Maris danshin iskarmu da rana yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, katakon da ke waje ya bushe har ruwan jikinsa ya koma kashi 4 ko 5 na nauyinsa. A Agusta danshin iska yakan kai kashi 70 zuwa 80, katakon ya koma kashi 14 zuwa 16 ko ruwan sama bai taɓa shi ba. Tazarar maki goma ke nan kowace shekara. A falankin wan-bai-tuwel, mai faɗin santimita 30, wannan yana nufin kumbura da tsukewar milimita 4 zuwa 7 a faɗinsa, gwargwadon irin itacen da yadda aka tsaga shi. A tsawonsa kusan ba ya motsi.

Gawayi kuwa ba ya bin itace a wannan motsi. Busasshe ne, mai gautsi, ba ya miƙewa. Itacen ƙasa yana buɗewa yana rufewa, fatar sama tana tsaye, sai haɗinsu ya fara saki. Tsagogin fatar kadan nan su ƙara faɗi, ɓawo ya fara ɗagowa, da farko a gefunan falanki, da bakinsa na sama da na ƙasa, da kewayen ƙulli, da wurin da aka buga ƙusa. Kowace tsaga kuma ƙofa ce ga ruwa. Sabon gawayi yana korar ruwa, in ka ɗiga masa sai ɗigon ya dunƙule ya gangara, amma bayan 'yan watanni a waje wannan hali yana gushewa, ya koma kamar soso: ruwa ya shiga ramukansa ya zauna a daidai inda ya haɗu da itace. Ruwan farkon damina ya fi muni. Falanki yana cikin zafin Mayu ko Yuni, ya bushe iyakar bushewa, sai hadari ya sauke masa ruwan sanyi a cikin minti kaɗan. Fuskar ta kumbura nan take, cikin bai motsa ba tukuna, kuma a irin wannan ranar ake samun ɓawon da ya fi yawa a ƙasa.

Ruwanmu ba yawa gare shi ba, milimita 600 zuwa 700 a shekara, kusan duka tsakanin Yuni da Satumba, amma da iska yake zuwa, kuma yawanci daga gabas. Maginan gargajiya sun san haka, shi ya sa bangon gabas ya fi samun yaɓe da makuba. Kafin ruwan ya sauko iskar hadari takan ɗebo yashi ta watsa, kuma ga gawayi wannan daidai yake da a goga masa sanfefa, musamman daga ƙasa zuwa tsayin gwiwa. Hunturu kuma daga arewa maso gabas yake kaɗawa, ƙurarsa mai laushi ta cika kowace tsaga, baƙin ya koma ruwan ƙasa-ƙasa. Nan mutane ke ruɗewa su ce ya koɗe. A jiƙa tsumma a ɗan dangwala: in baƙin ya dawo, ƙura ce, wanki kawai yake so. In ruwan ƙasa ya fito mai santsi, gawayin ya riga ya tafi, gasasshen layin nan kake gani, kuma daga nan rana za ta fara aikinta a kansa har ya yi toka-toka.

Saboda haka ɓangarori huɗu na shinge ɗaya ba za su tsufa tare ba, kuma gara a sanar da maigida tun yanzu. Gabas ruwa da yashi, yamma zafi da lanƙwasa. Kudu yana shan rana duk tsawon hunturu. Arewa ma ba ta tsira ba, domin a inda muke, wajen digiri 13 arewa da layin ikwaita da ya raba duniya gida biyu, rana tana bi ta arewa da kanmu daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta. Ga yadda abin ya saba tafiya in ba a shafa mai ba: makonnin farko yana shafa wa tufafi baƙi, daminar farko tana zubo baƙin ruwa a kan duk abin da ke ƙarƙashinsa, siminti ne ko farin fenti, a shekara ta biyu zuwa ta uku kuma ɓangaren da ya fi shan wahala ya fara yin dabbare-dabbare. Wanda aka kankare gawayinsa da burushin waya don zanen itacen ya fito ya fi saurin koɗewa, tunda an riga an cire garkuwar. Duk fuskar da ke kwance, kamar saman benci, daɓe ko hannun matakala, kada ma a fara. Ƙafa da ruwan da ke kwanciya za su gama da ita a damina ɗaya.

Zaɓen itace akwai ɗan tarko a cikinsa. Marar nauyi shi ya fi babbakuwa da kyau, wuta ta shiga da zurfi, gawayin ya yi kauri ya daidaita, amma marasa nauyin da ke kasuwarmu, obeche da afara da maje, su ne abincin gara da ƙwaron da ke huda katako yana zubo gari. Maje ma ƙaro gare shi, yana tafasa ya kama da wuta. Masu nauyi kuma, irin kirya da marke da suka kai kilo 900 ko fiye, wuta da ƙyar take shigarsu. Gawayinsu siriri ne, yana saurin zuba, in ka matsa musu da wuta don ya yi kauri sai fuskar ta tsattsage har cikin itace. Tsakiya ita ce wurin tsayawa. Iroko, wanda ake ce wa loko, nauyinsa wajen kilo 650, zuciyarsa tana jure gara da ruɓa, ba ya yawan motsi, kuma yana karɓar wuta daidai gwargwado, shi ne zaɓina na farko ga falankan. Madaci yana biye, sai dai ya fi nauyi, juriyarsa ba ta kai ta iroko ba, kuma yana zubar da jan ruwa a daminar farko. Kawo yana da juriya sosai amma ruwansa rawaya ne mai ɓata bango da tufa. Malaina tana babbakuwa da kyau, ba ta cika motsi ba in ta bushe, ita ce ta mai ƙaramin ƙarfi, da sharaɗin a sa mata magani a ɗaga ta daga ƙasa, kuma a sani tana cikin itatuwan da suka fi jinkirin bushewa: waje ya yi kamar ya bushe, ciki jiƙe. Itacen turare yana murɗewa yana tsagewa tun kafin a kai ga wuta. Itacen tik kuwa ɓarna ce a ƙona shi, yana da mansa da ke kare shi a waje ba tare da komai ba.

Duk wanda ka zaɓa, duba farin gefe. Juriyar da ake faɗa ta zuciyar itace ce, mai duhun launi. Farin da ke kusa da ɓawo, ko na iroko ne, yana ɗauke da sitaci, ƙwari suna son sa. Bayan an babbake ba ka iya bambance su, don haka a wurin 'yan katako za ka tantance, ka sa a tsage farin a fitar. Wannan ma ita ce hanyar da ake cutar mai saye da babbakakken katako na sayarwa, domin baƙi yana rufe farin gefe, ya rufe ƙulli, ya rufe ko wane iri ne itacen.

Batun dirkoki daban ne. Manomanmu sun daɗe suna babbake gindin dirka kafin su binne, ba mu kaɗai ba, ana yi a ƙasashe da dama. Ɗan amfanin da ake gani yana zuwa ne daga ƙone ɓawo, da busar da fuska, da kashe ƙwayayen ƙwari da ke jiki. Gara ba ta cin gawayi, gaskiya ne, amma ba ta jin tsoronsa: tsaga ɗaya ta ishe ta, ko ta gina hanyarta ta laka a kansa ta hau har inda wuta ba ta taɓa ba. A cikin ƙasa gawayi yana riƙe laima a jikin itace. A tudu, inda ƙasa ke bushewa wata takwas, gara ce matsala. A fadamar Rima da lambunan da ake ban ruwa kullum, ruɓa ta ƙaru a kai, domin ƙwayoyin ruɓa suna aiki ne in ruwan jikin itace ya zauna sama da kashi 20 na tsawon lokaci. A sama da ƙasa, inda iska ke ratsawa, da wuya katako ya ruɓe a Sakkwato. Don haka dirka ta zama zuciyar kirya ko marke in an samu ta halal, ko azarar giginya, waɗanda ba sa neman wuta, ko kuma a zuba kankare ya ɗago santimita 20 zuwa 30, a dasa takalmin ƙarfe a ciki, a ɗaure dirkar a kai da ɗan rata a ƙarƙashinta. Wannan ratar tana hana ta tsotsar ruwa, kuma tana sa a ga hanyar gara tun tana sabuwa.

Aikin kansa daga bushewa yake farawa. Katakon da ke zuwa daga kudu, Ondo da Edo da Kuros Riba, yawanci da ruwansa yake isowa. In ka babbake shi a haka, ruwan ciki zai tafasa ya fasa fuskar, sannan in ya bushe daga baya ya tsuke ya watsar da gawayin. A jera shi a inuwa, sama da ƙasa, a sa 'yan sanduna masu kaurin inci ɗaya tsakanin kowane hawa, tazarar santimita 60, a ɗora nauyi a sama, a shafe bakunan da fenti ko kakin zuma don kada su tsage. In hunturu ne a kare jerin daga iska kai tsaye, saurin bushewa ma ɓarna ne. Ana so ya sauko kashi 8 zuwa 10, tsakiyar tazarar nan ta shekara. In babu na'urar awon danshi, a ware falanki ɗaya a riƙa ɗora shi a sikeli kowane mako, in nauyinsa ya tsaya mako biyu a jere ya daidaita da iskar lokacin.

A tsaga wan-bai-tuwel gida biyu ko uku, faɗin santimita 10 zuwa 15, kauri kada ya gaza inci ɗaya tunda wuta za ta ci wani abu. Siriri motsinsa kaɗan ne, gawayinsa ya fi daɗewa. A gama duk yanka da huda kafin wuta, a ɗan kashe kaifin gefuna, domin kaifi ne ke fara ƙonewa ya karye. Sannan a dubi zoben shekaru a bakin falanki. In katako yana bushewa, ɓangaren da ke wajen ɓawo ne ke lotsawa. Wuta ma tana sa fuskar da ta taɓa ta lotsa. Don haka a babbake ɓangaren da ke kallon zuciyar itacen, shi ne zai kalli waje, ƙarfin biyu su rage wa juna.

Hanyar Japan ita ce a haɗa falanki uku a ɗaure da waya su zama bututu mai kusurwa uku, fuskokin da za a ƙona suna ciki, a tsayar, a cusa takarda a ƙasa a kunna. Bututun yana jan iska kamar zugazugi, a cikin 'yan mintoci harshen wuta ya fito ta sama, a ɗan buɗa gefuna da ƙarfe don su ma su samu, a kwantar, a kwance, a kashe da ruwa kaɗan. Ta fi ba da zurfi kuma ba ta cin gas. Tocin gas mai faɗin baki ya fi sauƙin sarrafawa, a riƙe shi santimita 10 zuwa 15 daga katako, a bi tsawonsa ba tsayawa, a maimaita sau biyu ko uku maimakon a dafe wuri ɗaya. Kuskuren da aka fi yi da toci shi ne a tsaya da zarar fuska ta yi baƙi. Wannan hayaƙi ne kawai da ɗan ƙuna, bai kai rabin milimita ba, damina ɗaya za ta wanke shi. Ana so a ga fatar kada ta fito, a yanke bakin gwaji a auna: milimita 3 zuwa 4 a malaina, 2 zuwa 3 a iroko da madaci. Ko a gobara ta gaske itace yana komawa gawayi ne da saurin wajen rabin milimita zuwa 0.7 a minti, don haka haƙuri ake yi. Bayan falanki a ɗan gasa shi sama-sama don rage lanƙwasa.

A yi aikin da sassafe, iska a kwance, nesa da zana da kara da tulin dusar zarto, da durom na ruwa a kusa, kuma a sake duba falankan bayan sa'a guda domin wuta takan ɓuya a cikin ƙulli. Kada a taɓa babbake katakon da aka riga aka sa wa magani ko fenti: mai launin kore-kore irin na turakun lantarki yana iya ƙunsar sinadarin arsenik, hayaƙinsa da tokarsa guba ne, haka wanda ya sha maganin katako na Solignum ko baƙin mai. Wuta tukuna, magani daga baya, a bayan falanki da bakunansa. Ga malaina, kilo 1.5 na boraks da kilo 1 na borik asid a lita 25 na ruwan ɗumi, a shafa sau biyu ko uku a bari ya bushe. Ruwan sama yana wanke wannan magani, shi ya sa wurinsa bayan falanki ne da za a rufe da mai.

Bayan ya huce a share da burushi mai laushi, a cire abin da ya riga ya saki kawai, da takunkumi a hanci. Sai mai. Dafaffen man linsid na masu fenti, kashi biyu, da kashi ɗaya na tafentain, ruwan sirka fenti, a shafin farko don ya ratsa gawayin ya ɗaure shi da itacen ƙasa. Gawayi mashayi ne, a ƙiyasta lita ɗaya ga murabba'in mita 5 zuwa 6. Bayan kwana biyu a ƙara shafi na biyu ba sirki, a dangwale abin da bai shige ba bayan rabin sa'a, in ba haka ba ya yi danƙo ƙura ta manne. Bakunan falanki su sha har su ƙoshi, ta nan ruwa ya fi shiga. Man gyaɗa da manja ba sa bushewa, wari za su yi su jawo tururuwa. Baƙin mai yana tsatstsafowa da zafi, yana ɓata tufa, kuma bai dace da wurin da yara ke wasa ko ake shuka abin ci ba. Banish da duk abin da ke yin fata a sama gyaran gangar Abzinawa ne: a kan gawayi yake zaune, in ya tashi ɓarewa da gawayin yake tafiya. Tsumman da ya jiƙe da man linsid yana iya kama wuta da kansa in an dunƙule shi, a shanya shi a buɗe ko a tsoma a ruwa.

A kafa falankan a tsaye, ruwa ya bi tsawonsu ya sauka. Ƙasansu ya ɗago santimita 30 daga ƙasa, a kan ɗan ginin bulo, don tsallen ruwa da yashi su ƙare a kan bulon. Samansu a rufe da hular kwano ko wani falanki a karkace. In a jikin bango ne, a sa tu-bai-tu a baya a bar ratar iska aƙalla inci ɗaya, buɗe sama da ƙasa, da raga don ƙadangaru da jemagu. Wannan rata ita ce za ta hana zafin baƙin katakon shiga ɗaki, kuma ko da ita ban ba da shawarar a lulluɓe bangon yamma na ɗakin kwana da shi ba. Tsakanin falanki da falanki, in an kafa da rani a bar milimita 3 zuwa 4 domin za su kumbura, in da damina ne milimita 1 zuwa 2 ta isa. A huda kafin a ɗaure, da sukuru marar tsatsa, domin gasasshen itace yana da ɗan tsami, gawayi kuma yana riƙe laima, baƙar ƙusa ba ta daɗewa a cikinsu. Kan sukurun ya zauna daidai da fuska, in ya nutse ya fasa gawayin ya yi wa ruwa gurbi. Kada kuma a ce wa maigida bangon ba ya cin wuta. Gawayi yana ɗan jinkirta kamawa, man da aka shafa kuma yana rage wannan jinkirin.

In maigidan zai iya jira, gwajin da ya fi kowace magana shi ne a yanka guntaye masu tsawon santimita 40 daga iri biyu ko uku, rabi da mai rabi babu, a ɗaure su a waje daga Maris zuwa Oktoba, wasu a tsaye suna kallon gabas, wasu a karkace digiri 45 suna kallon kudu kamar yadda masu bincike ke yi don abin ya yi sauri, a ajiye ɗaya a ɗaki don kwatance. A ƙarshe a ɗiga ruwa a ga ko yana dunƙulewa, a manna salatif a ɗaye a ga yawan baƙin da ya biyo shi.

Kulawa sau ɗaya ce a shekara, a ƙarshen Oktoba, ruwa ya ɗauke kuma ƙurar hunturu ba ta kankama ba. A wanke da ruwa marar ƙarfi da burushi mai laushi, ban da injin wankin mota, a bari kwana uku ko huɗu, a shafa mai sau ɗaya. Bangon gabas a ƙara masa wani a farkon Mayu, da safe kafin katako ya ɗau zafi. Inda gawayi ya zube, a gauraya ɗan baƙin garin fenti a cikin man, zai saje da sauran. In falanki ya yi dabbare-dabbare da yawa har ana so a sake babbake shi, a kwance shi a sauke ƙasa tukuna, domin ya sha mai, kuma ratar da ke bayansa bututu ce da za ta ja wutar har rufi.